Gwiwar Mai Wankan Gawa

Kafin liman ya sallame sallar asuba a babban masallacin Sabo, Inna Hussaina ta riga ta dafa bango. Hannu ɗaya a jikin siminti mai sanyi, ɗaya riƙe da sanda, tana jan ƙafa daga ƙofar ɗakinta zuwa bakin rijiya. Taku ashirin da biyu ne. In ta isa sai ta tsaya ta maida numfashi, ta juyo. Sau biyar aka ce ta yi. Ta zaɓi asuba ne saboda matan gidan ba su fito ba tukuna, babu mai tsayawa da bokiti a hannu tana kallon mace mai shekara sittin da ɗaya tana koyon tafiya. Tata sallar a kan kujera ta yi ta, yadda ta shekara biyu tana yi.

A nan Sabo aka haife ta. Fataucin goro ne ya kawo ubanta Ibadan, bai koma ba. Hassanarta ta rasu tun suna goye. Ta yi aure, ta haifi bakwai, huɗu suka tsaya, miji ya rasu. Shekara talatin da uku tana suyar waina a ƙofar gida, a kan kujera 'yar tsugunno, gwiwoyi a naɗe, tanda a gaba. 'Yan canji su saya, 'yan dakon da za su wuce kasuwar Bodija su saya. Wainar da ta fashe ba a sayar da ita, kuma ba a zubarwa, ita ke cinyewa. Haka jiki ya yi ta taruwa. Mata suna cewa, "Hussaina, kin yi kyau, jiki ya samu hutu." Babu hutun da ya samu. Zama ne wuri ɗaya daga asuba zuwa hantsi, da nauyi a kan gwiwar da ba ta miƙewa. Da ciwon ya zo, aka ce sanyin ƙashi ne. Ta sha jiƙo, ta shafa mai zafi, ta ɗaure da tsumma. Ta rage tafiya don ta huta, gwiwar ta ƙara sandarewa.

Tana da aiki na biyu, wanda ba a biyan kowa a kansa. Ita ke yi wa matan layin wankan gawa. A hannun gwaggonta ta koya. Ba ta taɓa ƙirga waɗanda ta wanke ba, kuma ba a taɓa jin bakinta a kan jikin ko ɗaya ba. Ta ga tabon duka, ta ga ramar da tufafi suka ɓoye, ta ga cikin da ba a san da shi ba. Ta fito ta wanke hannu ta koma kan tandarta.

A Sabo, a ƙasa ake wankan, a shimfiɗa tabarma a kan siminti. Mai wanka tana tsugune ko durƙushe, tana zagayawa, tana juya mamaciya dama da hagu. Ranar da gwiwar Hussaina ta ƙi naɗewa, aikin ya koma hannun Rauda, wata matar layin. Rauda ta iya aiki, hannunta da tsabta. Bakinta ne matsala. Ba ta faɗa kai tsaye. Sai ta fito ta girgiza kai ta ce, "Allah dai Ya rufa mana asiri, abin da ido ya gani yau." Ta bar shi a nan. Kafin la'asar an ja mata baki ta ƙarasa.

Ɗakin da ke kallon na Hussaina na Amariya ne. Sunanta na yanka Jamilatu. Shekara arba'in da suka wuce aka kawo ta amarya daga Gusau, sunan ya manne mata har ta yi jikoki. Siririya ce kamar tsinken tsintsiya, ƙuli-ƙuli take yi. Tun suna da ƙuruciya suke tsokanar juna.

Wata rana bayan azahar, farkon damina, tun kafin Hussaina ta fara wannan tafiyar ta asuba, Amariya ta leƙo ta ce, "Giwa, ja jikinki ki zo."

Da Hussaina ta shiga ta zauna bakin gado, Amariya ta sa sakata. Ta cire riga. Ƙirjinta na hagu a naɗe yake da tsummoki. Ta warware su ɗaya bayan ɗaya. Hussaina ta duba, ba ta kau da kai ba. Nonon ya ɓule, ya zama gyambo, yana ruwa.

"Tun yaushe?"

"Shekara ta wuce. Na je asibiti sau ɗaya. Suka ce daji ne, sai an yanke. Ban koma ba. Da Radiyya ta matsa na koma watan jiya, suka ce lokaci ya ƙure."

Radiyya 'yarta ce ta fari, tana aure a unguwar Mokola. Ban da ita babu wanda ya sani.

"Kin tuna matar Safiyanu?" in ji Amariya. "Da aka ji nata, aka daina sayen abincinta. Aka ware mata kofi. Har yau 'ya'yanta mata in an zo neman aure sai wani ya raɗa cewa abin a jininsu yake. Ina da jikoki mata uku, Hussaina." Ta fara maida tsummokin. "Ke za ki yi mini wanka."

"Da wace gwiwar?"

"Da wadda Allah Ya ba ki. Ni dai kada Rauda ta ga jikina."

"Wa ya ce ke za ki riga ni? Dube ni fa."

"Ke ai ba yanzu ba. Kafinta bai gama makarar da za ta ɗauke ki ba."

Suka yi dariya, gajeriya. Hussaina ta karɓi bakin tsumman ta ɗaure mata da kanta.

A satin ta sa ɗanta Manniru, direba a tashar Ojoo, ya kai ta asibiti. Shekara biyu yana roƙonta ta je tana ƙi. Aka ɗora ta a sikeli, kilo ɗari da goma sha huɗu. Aka ɗauki hoton gwiwa. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, gurunguntsin ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Ya tura ta sashen gashin ƙashi, wurin wata Bayarbiya da kowa ke kira Sista. Da Yarbanci suka yi magana, Hussaina tana jinsa kamar Hausa.

Hussaina ta zaci allura za a yi mata, ko a ɗora mata wata na'ura. Sai Sista ta jawo kujera mai tsayi, mai hannu.

"Mama, zauna. To, tashi. A hankali. Zauna."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Sau biyar yau. In ya yi sauƙi, takwas."

Ta nuna mata sauran. Ta zauna ta miƙe ƙafa ɗaya, ta riƙe, ta ƙirga biyar, ta sauke. Ta kwanta a gado ta ɗaga ƙafa a miƙe kamar tsawon taƙi ɗaya. Ta yi tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, kaɗan kaɗan, da takalmi mai taushi, ba silifas ba. Kafin ta fara ta gasa gwiwar da tsumma mai ɗumi. Ɗan ciwo ba komai ba ne. Amma in ya soke ta kamar wuƙa, ko gwiwar ta kumbura, ko ciwon ya kwana ya tashi da ita, to ta yi yawa, ta rage.

"Da za ki samu shiga ruwa, da ya fi," in ji Sista. "Ruwa yana ɗauke nauyi. Akwai wurin ninƙaya na mata ranar Asabar."

"Ni? In tuɓe a gaban jama'a in faɗa kududdufi? Ruwan ma ai sai ya fice ya bar mini wurin."

Sista ta yi dariya, sannan ta ɗaure fuska. "To ji wannan. Kada ki tsuguna. Kada ki durƙusa. Kada ki hau bene in ba dole ba. Ba yanzu ba."

"Tsugunon shi ya kawo ni."

Ta gaya mata aikinta, ba ta faɗi sunan kowa ba. Sista ta ce, "Sai a ɗora mamaciyar a kan tebur mai tsayi, ki yi a tsaye ko a kujera. Mene ne a ciki?"

Hussaina ta kawo wa Amariya wannan shawarar da yamma. Amariya ta tashi zaune duk da ciwon.

"Tebur? Kamar nama a Bodija? Uwata a tabarma aka wanke ta, kakata a tabarma. In aka ga an shigo da tebur, ai tambayar kenan da za a fara, me ya same ta da ba za a kwantar da ita a ƙasa ba? A'a. Ki gyara gwiwarki."

Sai ta shiga gyara. Hussaina ba mai yawan magana ba ce a kan abin da za ta yi, yi take yi. Ta bar wa wata maƙwabciya tanda. Ta daina cin waina, ta rage tuwon dare ya koma rabin malmala, shayi ba sukari. Asuba bango da rijiya, hantsi kujera, yamma ɗaga ƙafa. Yaran gidan suna leƙe suna dariya. Rauda ta wuce wata rana ta gan ta tana tashi tana zama, ta ce, "Inna, kujerar cizo take yi?" Hussaina ta ci gaba da tashi da zamanta.

Kuma abin ya yi aiki. Wannan gaskiya ne, a faɗe ta. Bayan wata ɗaya tana tashi daga kujera ba wanda ya ja ta. Bayan wata biyu kilo shida sun sauka, tana zuwa rijiya ta dawo ba ta taɓa bango ba, har ta kai bakin titi ta sayo albasa da ƙafarta. Sista ta auna naɗewar gwiwar ta ce, "Mama, kin ba ni mamaki. Nan da wata uku, in kika ci gaba haka, zan koya miki sauka ƙasa da taimakon kujera, da yadda za ki tashi."

"Wata uku?"

"Ko huɗu. Gwiwa ba a yi mata gaggawa."

Hussaina ta dawo gida ta shiga ɗakin Amariya don canza mata tsumma, yadda take yi kullum tun ranar nan. Turaren wuta biyu ke ci a ɗakin, duk da haka warin yana fitowa. Amariya ta daina cin komai sai kunu, shi ma cokali uku. Hannunta na hagu ya kumbura. Hussaina ta wanke gawarwakin mata da yawa, ta san fuskar wadda ta kusa. Wannan ba ta da wata uku. Da ƙyar in tana da sati uku.

A nan ta yi kuskuren. Duk abin da ta iya a duniya da yi ta iya shi, ba da jira ba. Waina da ƙuna ta koya, wanka da tsugunno ta koya. Sai ta ga cewa in tashi daga kujera sau takwas ya kawo ta nan, tsugunon gaske sau ashirin zai kai ta da sauri. Ta rufe ɗaki, ta kama ƙarfen taga da hannu biyu, ta sauka har ƙasa, ta ja kanta sama. Ciwon ya soke ta, ta cije leɓe ta sake. Washegari gwiwar ta tashi da kumburi. Ta tuna abin da Sista ta ce, ta ture shi gefe, ta ƙara da hawan benen maƙwabta sau uku. Rana ta huɗu, tana tsakiyar sauka, wani abu ya yi ƙara a gwiwar dama kamar an karya ƙirare. Ta rataye a jikin tagar tana zufa har aka ji nishinta aka ɓalle ƙofa.

Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya, da zafi kamar an dafa ta. Da Manniru ya kai ta, Sista ta duba gwiwar, ta ɗago kai.

"Kin tsuguna."

"Na tsuguna."

"Mama, wata biyu kika zubar a kwana huɗu. Wani abu ya yage a ciki. Sati uku ba za ki ɗora mata nauyi ba. Ƙanƙara a tsumma, ki ɗaga ƙafar a kan matashi. Bayan nan mu ga abin da ya rage."

Amariya ta rasu a rana ta tara, da hantsi, ana yayyafi.

Kafin a gama salati Rauda ta shigo da baho da tsummokinta na aiki. Ta tarar da Hussaina a tsaye a ƙofar ɗakin Amariya, ƙafa ɗaya a ƙasa, sanda a hannu, ɗayan hannun a wuyan Radiyya.

"Inna, ki koma ki kwanta, za mu yi abin da ya dace."

"Ni zan yi. Ta bar wasiyya."

"Haka ne," in ji Radiyya. "A gabana ta faɗa."

Rauda ta dubi gwiwar, ta dubi matan da suka taru. "To ai sai ki tsuguna mu gani, Inna. Gawa ba ta jira. Ko in shiga in kama miki?"

"Radiyya ta isa. Ke ki ɗora ruwa, ki sa magarya. Kada ya yi zafi."

A bayan gida aka kewaye wuri da zannuwa, kusa da magudanar ruwa. Aka kawo Amariya a lulluɓe aka kwantar a tabarma. Kowa ya fita, sai su biyu.

Hussaina ta jingina bayanta da bango. Ta ba Radiyya sandar, ta kama kafaɗarta. Ta fara zamewa ƙasa a hankali, ƙafar dama a miƙe gaba, ta hagu tana ɗauke da kilo ɗari da takwas. Ta kai rabi ƙafar hagun ta saki. Sauran faɗuwa ta yi. Ƙafar dama ta naɗe a ƙarƙashinta. Ba ta yi ihu ba, don akwai kunnuwa bayan zanen. Ta kama bakin ɗankwalinta da haƙori har abin ya lafa. Sannan ta sa hannu biyu ta jawo ƙafar ta miƙe ta.

"Inna, in kira su?"

"Miƙo buta."

A zaune ta yi aikin, ƙafafu a miƙe cikin ruwa. In za ta koma ɗaya gefen sai ta dafa siminti ta ja gindi, taƙi taƙi, ta zagaya ta wajen ƙafafun mamaciya. Ta naɗe hannunta da tsumma ta yi mata tsarki ta ƙarƙashin mayafi. Ta yi mata alwala. Ta warware kitso ta wanke gashi. Ta fara da dama. Da ta zo ƙirji ta ce wa Radiyya ta dubi bango, ta cire tsoffin tsummokin ta tura su a baƙar leda. Ta zuba ruwa a kan gyambon a hankali kamar mai shi tana ji. Sau uku ta wanke ta, na ƙarshe da kafur. Ta tsane ta, ta rufe wurin da auduga mai kauri don kada ya ɓata likkafani, ta ɗaure. Ta yi mata kitson kalba uku ta mayar baya.

"Amariya," ta ce a hankali, "ba ki da nauyi, amma kin ba ni aiki."

Suka sa ta a likkafani, suka fesa turare. Hussaina ta duba ta ko'ina, fari fes, babu ɗigo. Ta karɓi tsintsiya ta kore ruwan da ke kewaye da ita zuwa magudana, iya inda hannunta ya kai, ta sa Radiyya ta ƙarasa. Ledar ta ƙulle ta, ta cusa cikin zanenta ta ɗaure a ƙugu. Sannan ta ce a shigo.

Maza suka ɗauki makara suka fita. Gidan ya cika da kuka. Hussaina tana nan zaune a jiƙe, ta gwada motsawa sau ɗaya ta bari. Aka kawo bargo aka tura ƙarƙashinta. Mata huɗu suka kama, Rauda ce ta kama wajen da ya fi nauyi. A hanya ta sunkuyo ta ce, "Inna, me ya sa ta ƙi ni? Akwai wani abu ne?"

"Ƙawata ce. Kula da dokin ƙofa."

Kwana uku tana kwance. Ba ta yarda an canza mata zani ba sai da ta sa kowa ya fita. Likita ya ce gwiwar dama ba za ta sake ɗaukarta ba sai an yi aiki, aikin kuma ba za a yi ba sai nauyi ya sauka sosai, nauyin kuma da wuya ya sauka ga wadda ba ta tafiya. Sista ta aiko da saƙo ta bakin Manniru cewa ko a kwance akwai abin da za a iya yi, kada ta bari ƙafar hagun ma ta mutu. Manniru ya ce ba za a bar ta a gidan haya mai banɗaki ɗaya na tsugunno ba. Zai tafi da ita gidansa, can gaba da Ojoo.

Ranar sadakar uku da la'asar ya kawo mota ƙofar gida. Aka ɗauko ta a kujera mai hannu, maza biyu suna nishi. Da suka zo tsakar gida ta ce, "Ku sauke ni."

"Inna, hadari ya haɗo," in ji Manniru.

"Na ce ku sauke ni. A kawo mini kaskon wuta."

Aka kawo, da garwashi a ciki. Ta kwance ƙugunta ta fito da baƙar ledar. Ta ɗora ta a kan wutar yadda take a ƙulle. Ledar ta narke, hayaƙi mai ɗaci ya tashi, matan da ke rabon waina suka toshe hanci suka ja baya.

"Mene ne wannan kuma, Inna?" in ji Rauda.

"Tsummokaina ne."

Auduga mai laima ba ta cin wuta da sauri. Ta sa aka ƙaro gawayi, ta karɓi mafici ta yi ta fifitawa. Manniru ya duba agogo, ya duba sama. Yayyafi ya fara sauka, ta sunkuya ta kare kaskon da jikinta. Sai da komai ya cinye ta sa bakin sandarta ta tona tokar, ta juya ta, ta sake tonawa, ta murƙushe ɗan abin da ya rage mai kama da tsumma.